Littafin Zulmira

Shekara talatin da ɗaya ina bayan gilashin nan,
a silimar da ke kallon tashar jiragen ruwa, a Setubal,
ina yanke tikiti, ina ba da canji.
Iskar teku na turo ƙarnin kifi ta ƙarƙashin ƙofa.

A jikin kowace fasta akwai lamba:
shida, sha biyu, sha shida.
Wasu mutane can babban birni suka zauna cikin duhu,
suka ƙirga jini, suka ƙirga ashar,
suka duba inda riga ta tsaya,
sannan suka rubuta. Ban raina aikinsu ba.
Sai dai sikeli nauyi ya sani, bai san ɗaci ba.

Iyaye kan ɗaga kai su karanta,
su dubi ɗansu kamar masu gwada masa takalmi.
Yara kuwa su yi ɗage, su kumbura murya:
"Ai na cika sha biyu tun watan Maris."
Ni ma na haifa. Na san ƙaryar da ba ta yi haƙori ba.

Ran wata Asabar ana yayyafi
Graciete ta zo da Telmo, ɗan shekara bakwai,
hular ulun ubansa ta rufe masa kunnuwa.
Ta nuna fim ɗin zane, mai kifi shuɗi yana dariya,
lamba shida, babu gargaɗi ko ɗaya.
Na ba ta biyu. Na ƙara masa da alewa.

Minti arba'in, ƙofa ta buɗe.
Yaron bai yi kuka ba. Da ma ya yi.
Ya fito a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa,
uwar na biye, rungume da rigarsa.
Ashe a ciki akwai ɗan jirgi ja
da ya fita da asuba, ana kiɗa mai daɗi,
bai dawo ba.
Babu jini. Babu zagi. Wa zai sa masa lamba?
Amma duk unguwar nan mun san jirgin bara,
mun san mutum huɗun da ke ciki.
Ni ma na je coci na kunna kyandir,
kuma hannun nan ne ya miƙa tikitin.

Washegari na sayi littafi mai koren bango.
Daren Laraba, in ana gwajin sabon fim,
nakan zauna a kujerar ƙarshe da tocila a cinya.
Kare ya mutu a minti na hamsin.
Uba ya haɗa akwati, bai waiwaya ba.
Gadon asibiti, da na'urar nan mai ƙara ɗai-ɗai.
Kaka ta manta sunan jikarta.
Ruwa. Ruwa mai yawa. Nan nakan ja layi biyu.

Manaja ya ce ba aikina ba ne.
Na ce to.
Littafin yana ƙarƙashin akwatin kuɗi.

Ba na hana kowa shiga.
Nakan dai sunkuya wajen ramin gilashi
in ce, "Dona Idalina, wannan akwai asibiti."
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo.
Wata ta gode, wata ta harare ni,
wani ya ce ɗansa ba ƙwai ba ne.
Shi ma da gaskiyarsa. Na ba shi canjinsa.

Jiya Telmo ya zo shi kaɗai.
Sha uku yanzu, hular ta zauna daidai kansa,
murya ta fara fashewa.
Ya ajiye kuɗi, ya nuna fasta da haɓa.
Lambarsa ta kai, ba ni da ta cewa,
amma na buɗe littafin, na bi layi da yatsa.
Na ce, "Akwai teku."
Ya ce, "Na sani, Dona Zulmira.
Ba ni kujerar da ke kusa da ƙofa."